Na Haddace Lokutan Ingilishi 12, Amma Da Na Ɗauki Biro Sai In Rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina shirin zana jarabawar Ingilishi ta masu neman aiki a ƙasar waje. Tun ina sakandare na haddace jadawalin nan na lokutan aikatau 12, ko daga barci aka tashe ni zan zayyano su. Amma da zarar na ɗauki biro sai in rasa wanne zan sa, musamman tsakanin *I went* da *I have gone*, da kuma inda ake sa *had*. Ina matsalar take, kuma ta ina zan ɓullo mata?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. Tambayar nan taki ta mutane da yawa ce, har da masu digiri, don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Jadawalin da kika haddace bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya ɓoye miki yadda aka gina shi. Ya jera gidaje 12 kamar kowanne zaman kansa yake yi, alhali abu biyu aka ninka: lokaci kashi uku, wato wanda ya wuce da na yanzu da mai zuwa, sai halin da aikin yake ciki kashi huɗu. Uku sau huɗu, sha biyu. Na farkon shi littafinki yake kira *tense*, yana nuna inda aiki ya faɗo idan aka auna shi da sa'ar da ake magana. Na biyun shi ne *aspect*, shi kuwa babu ruwansa da agogo. Abin da ya dame shi shi ne, aikin nan ya kammala, ko ana tsakiyar yinsa, ko ya wuce amma gurbinsa na nan. Wanda ya haddace sunaye 12 bai raba waɗannan biyun ba, tamkar ɗalibar jinya ce da ta haddace sunayen magungunan da ke cikin kabad tsaf, amma ba ta san ciwon da kowanne yake yi wa ba.

In ma kika ɗauki aikatau na Ingilishi shi kaɗai kika duba, kama biyu gare shi ta fuskar lokaci: *walk* da *walked*, *go* da *went*. Sauran gidajen duk da 'yan taimako ake gina su, wato *be* da *have* da *will*. Shi ya sa da yawa daga masana nahawun Ingilishi na zamani suke cewa lokuta biyu ne kawai a harshen. Shi kansa *will* da aka ce mana alamar gobe ne, a tsohon Ingilishi aikatau ne mai ma'anar so ko nufi, kuma har yau bai rabu da wannan hali ba. Idan uwa ta kawo miki ɗanta ta ce *he won't eat*, ba maganar gobe take yi ba, cewa take ya ƙi cin abinci.

Bari mu waiwayo gida, don a nan bakin zaren yake. A ajin Hausa an koya mana shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, da lokaci mai ci, da mai zuwa, da sabau. Sunayen sai su sa mutum ya ɗauka Hausa ma agogo take bi. Ki saurari "mun isa" a bakin mutum huɗu. Na farko ya bugo waya daga tasha ya ce, "Alhamdu lillahi, mun isa." Na biyu yana ba da labari ya ce, "Mun isa Legas ranar Talata." Na uku ya ce, "Ai ranar kafin ruwan ya sauko mun isa." Na huɗu ko motar bai shiga ba tukuna, ya ce, "Gobe war haka mun isa." Kalmomin ba su motsa ba. Bature kuwa dole ya sauya sau huɗu: *we have arrived*, *we arrived on Tuesday*, *we had arrived*, *we will have arrived*. Abin da "mun" yake riƙe da shi a duka huɗun shi ne kammaluwar aiki. Lokacin kuwa daga "ranar Talata" da "gobe" da yanayin zancen ake tsinto shi.

Haka "tana barci". "Tana barci, kada ku tashe ta." "Jiya da likita ya shigo tana barci." "Da ƙarfe sha biyun dare za ka tarar tana barci." A Ingilishi *she is sleeping*, *she was sleeping*, *she will be sleeping*. Wanda ya ɗan yi nahawun Larabci a Islamiyya ya san wannan dabara: a kawo *kana* a sa gaban fi'ili mudari'i, *kana yaktubu*, ya kasance yana rubutu. Aikin da *was* yake yi ke nan a *he was writing*.

Kin ga ke nan Bahaushe ya zo da rabin aikin a hannunsa. Bajamushe mai koyon Ingilishi yakan sha wuya kafin ya raba *she works* da *she is working*, saboda daidaitaccen Jamusanci ba shi da siga ta musamman ta aiki mai ci. Mu muna da ita tun muna goye. Abin da ya rage mana shi ne wata al'ada da Hausa ba ta ɗora mana ba: Ingilishi yana so kowane babban aikatau a jimla ya ɗauki alamar lokacinsa a jikinsa. A Hausa in kika ce "bara" sau ɗaya a farkon labari kin sallami kowa. A Ingilishi sai kin maimaita alamar a kan kowane aikatau har labarin ya ƙare. Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai shi ne wannan: a fara da *last year I travelled*, layi biyu a gaba sai a koma *we enter the bus and the driver start*. Mai rubutun bai jahilci shuɗaɗɗen lokaci ba, ƙwaƙwalwarsa ce ta ga an riga an faɗi lokacin, ta ga babu dalilin nanatawa.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar, wato *I went* da *I have gone*.

Wani masanin falsafa Bajamushe, Hans Reichenbach, ya kawo wani ma'auni a 1947 wanda har yau masana harshe suke aiki da shi. Ya ce a kowace jimla akwai lokuta uku: sa'ar da ake maganar, da sa'ar da abin ya faru, da kuma sa'ar da mai maganar ya tsaya yana hangen abin daga cikinta. Wannan na ukun shi ne jadawalinki bai taɓa ambata ba, kuma shi ne yake raba gardama. A *I went*, mai magana ya bar yau ya koma can ya tsaya tare da abin da ya faru. A *I have gone*, abin ya faru a baya, amma mai magana yana tsaye a yau, abin da ya dame shi shi ne sakamakon da ake ciki yanzu.

Ki ɗauka ƙarfe biyun rana ne, kina miƙa aiki ga wadda za ta karɓe ki, kuna tsaye a gaban gado na huɗu. In kika ce *the patient has taken her drugs*, saƙon shi ne maganin yana cikinta, kada a ƙara mata. Ba ki faɗi ƙarfe nawa ba, don ba shi ne abin nufi ba. Sai abokiyar aikin ta ce, *when?* Daga nan hankalinku ya bar yanzu ya koma can baya, dole ki ce *she took them at eight*. Aiki ɗaya ne, shan magani, kuma a Hausa duk "ta sha" ne. Wurin tsayuwarki ne ya sauya.

Daga nan ne dokar da ba ta karyewa ta fito: duk inda aka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, *have* ba ya shiga. *Yesterday*, *last week*, *two hours ago*, *in 1960*, dukkansu sun rufe. *Nigeria became independent in 1960*, ba *has become* ba. Amma *Abuja has been the capital since 1991*, saboda har gobe ita ce babban birnin, zancen bai rufe ba. Legas kuwa *was the capital*, nata ya wuce. *I have seen him yesterday* da ake yawan ji a ofisoshinmu kuskure ne a Ingila, kuskure ne a Amurka, kuma mai gyaran takardarki ba zai ɗaga miki ƙafa a kansa ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ma sukan faɗa wannan rami, kuma suna da uzuri, don a Faransanci *j'ai mangé hier* daidai ne sarai, siffarsa kuma ta yi kama da *I have eaten*. Kamar ce kawai, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kalmomin da buɗewarsu ko rufewarsu ta danganta da sa'ar da kike magana. Da ƙarfe goman safe kina iya cewa *I have seen six patients this morning*, don safiyar ba ta ƙare ba, ta yiwu na bakwai yana kan layi. Da daddare kuwa sai *I saw six patients this morning*. Har rai da mutuwa suna shiga lissafin. *My father has worked in Kaduna for thirty years* na nufin baba yana nan, yana kan aikin. In kika ce *worked*, mai sauraro zai fahimci ya yi ritaya, ko ya bar garin, ko kuma ya riga mu gidan gaskiya.

Hausa tana da 'yan alamun da za su taimake ki, in kika kasa kunne. Duk jimlar da kika ji "taɓa" ya dace da ita, kamar "kin taɓa yin tiyata?", to *have you ever had surgery?* ce. Haka "riga" da "tukuna" da "yanzun nan": *she has already eaten*, *the result has not come yet*, *the doctor has just left*. Ta ɗaya ɓangaren kuma, duk inda labari ya miƙe da "sai suka… sai aka… sai muka…", to kin shiga shuɗaɗɗen lokaci tsurarsa, *they came, they waited, they left*, babu *have* a wurin. Ki lura da masu karanta labarai a tashoshin Ingilishi, za ki ji suna yin abin da kika yi a gaban gado na huɗu. Jimlar farko da *has* ko *have* take zuwa, don sanar da sabon abu. Da an shiga bayanin ina ne, yaushe ne, sai a sauka kan *-ed* har ƙarshe. Amurkawa sun fi sassauci a nan, za ki ji suna cewa *did you eat yet?* a inda mutumin Ingila zai ce *have you eaten yet?* Duka biyun karɓaɓɓu ne, amma a rubutun jarabawa ni na fi son ki bi na Ingila, ya fi tsare ki.

Shi kuwa *I have gone* da kika kawo a tambayarki, da wuya ki buƙace shi a kan kanki. *She has gone to Kano* na nufin ta tafi Kano, ba ta nan. Ke da kike tsaye a gaban mutum ba za ki ce masa kin tafi ba kya nan ba. In abin da kike nufi shi ne kin taɓa zuwa kin dawo, *I have been to Kano* za ki ce.

Sai maganar "tun", wadda take kayar da mutane ta wata fuskar daban. "Tana amai tun safe." Tunda "tana" ne, hannu sai ya zarce ya rubuta *she is vomiting since morning*. Ingilishi ba ya yarda da haka. Abin da ya faro daga baya ya taho har ya iske yanzu, sai an sa masa *have* ya zama gada tsakanin can da nan: *she has been vomiting since morning*. In farkon abin kika ambata, *since* ne, kamar *since Monday* ko *since 2015*. In tsawonsa kika ƙirga, irin "kwana uku ke nan yana zazzaɓi", *for* ne: *he has had a fever for three days*. *Since three days* babu shi. Bambancin *I have written the report* da *I have been writing the report* kuwa, ɗan "ta" ɗin nan namu ya warware shi. Na farkon "na rubuta, ga shi". Na biyun "ina ta rubutawa", wataƙila ma ban kai rabi ba.

Game da *had*, an cusa wa ɗalibai da yawa cewa na abin da ya daɗe da faruwa ne. Daɗewa ba ta cikin lissafin ko kaɗan. Abin da ya faru shekara dubu da suka wuce ma *-ed* ya ishe shi. Aikin *had* shi ne, kina tsaye a wani lokaci na baya, sai kika waiwaya kika ga wani abu ya riga ya faru kafin nan. *When the doctor arrived, the bleeding had stopped*: kafin ya iso jinin ya riga ya tsaya. *When the doctor arrived, the bleeding stopped*: sai da ya iso sannan ya tsaya. A takardar asibiti wannan bambanci ba na wasa ba ne. Saboda haka kafin ki rubuta *had*, ki tambayi kanki, kafin me? In babu amsa a cikin zancen, cire shi. *My grandfather had died in 1985*, ita kaɗai babu komai a gabanta, jimla ce da ta bar mai karatu yana jiran ragowar labari. Kuma kada ki ɗauki darasin *had* daga wasu jaridunmu na Ingilishi. Akwai marubutan da suke yayyafa shi don jimla ta yi nauyi kawai.

Tsugune ba ta ƙare ba, don su kansu aikatan ba halinsu ɗaya ba. Wani masanin falsafa, Zeno Vendler, ya kasa su gida huɗu a 1957: masu nuna hali da mutum yake ciki, kamar sani da mallaka, masu nuna aikin da ba shi da ƙayyadadden ƙarshe, kamar gudu, masu nuna aikin da yake tafiya zuwa wata iyaka, kamar gina gida, da masu aukuwa farat ɗaya, kamar isowa ko mutuwa. Gidan farko ne ya fi shafar mu. *Know*, *understand*, *believe*, *own*, *belong*, *need*, da *have* na mallaka, a ƙa'ida ba sa karɓar *-ing*. Mu kuwa da "ina" muke faɗin da yawa daga cikinsu: ina da mota, ina jin Hausa, ina buƙatar taimako. Daga nan ake samun *I am having a car* da *I am hearing Hausa*. Daidai shi ne *I have a car*, *I understand Hausa*. Ke da kike aikin asibiti ki ƙara kula da wannan, don in aka liƙa wa irin waɗannan aikatau *-ing* ma'anarsu takan sauya gaba ɗaya. *She has a baby*, tana da jariri. *She is having a baby*, tana kan gwiwa, ko kuma tana da juna biyu ana jiran haihuwa. *I see the doctor*, ga shi can ina ganinsa. *I am seeing the doctor*, ina da alƙawarin ganinsa. In kuwa kika ce *I am seeing someone*, kin sanar da jama'a kina da saurayi.

Wani abin ban sha'awa shi ne sauran aikatan wannan gida Hausa da kammalallen aiki take faɗinsu: na sani, na gane, na yarda, na gaji. Sai ɗalibi ya ga "na", ya rubuta *I knew* ko *I have known*, alhali *I know* ake nema. Ta kowane gefe dai aka bi kalma da kalma sai an yi tuntuɓe.

A sauran gidajen, *-ing* yana buɗe cikin aikin ne ya bar ƙarshensa a ɓoye. *He was crossing the road* bai ce ya tsallake ba, ta yiwu a tsakiyar titin mota ta same shi. *The child was drowning*, ana iya cewa an ceto shi. *The child drowned*, sai dai ta'aziyya. Haka *he is dying* da *he has died*. Ki auna irin ɓarnar da za a yi in aka musanya su a waya da dangin mara lafiya.

Shi kuwa wanda ake kira *simple present*, sunansa ya fi komai ɓatar da mutane, don da wuya ya yi maganar abin da ke faruwa a wannan daƙiƙa. Na sabo ne da abin da ya tabbata, kusan "nakan" ɗinmu. Sai dai mu a maganar yau da kullum "ina" muka fi amfani da shi ko a wurin sabo: "ina aiki a asibiti." In aikinki ne na dindindin, *I work in a hospital*. In kika ce *I am working in a hospital*, Bature zai ji kamar na ɗan lokaci ne. Wuraren da wannan siga take bin abu yana faruwa nan take kaɗan ne, fitacce a cikinsu shi ne bakin mai sharhin ƙwallo: *he shoots, he scores*. Kanun jarida kuma da ita suke ba da labarin abin da ya riga ya faru, *President signs budget*, ko da jiya aka sa hannun. Tunda mun zo nan, bari in tsoma baki a kan *I'm coming* da muke faɗa muna juya baya muna tafiya. "Ina zuwa" ce muka ɗauko ɗungurungum. A wurin Bature *I'm coming* na nufin ga ni nan tafe wurinka, don haka mara lafiya a can zai bi ki da kallo in kika faɗe ta kika fice. *I'll be right back* ake cewa.

Lokaci mai zuwa ba zan daɗe a kansa ba, don kuskure a cikinsa ba ya cika ɓata ma'ana. *Will* na shawarar da aka yanke nan take ne, da alƙawari, da hasashe. *Going to* na niyyar da aka riga aka ƙulla ne, ko abin da alamunsa suka bayyana, kamar *she is going to faint*. Abin da aka tsara da wani, *I am travelling on Friday*. Abin da ke kan jadawali, *the clinic opens at eight*. Wuri ɗaya ne nake so ki riƙe da kyau: bayan *when*, *if*, *before*, *after*, *until* da *as soon as*, in suna nuna lokaci ko sharaɗi, ba a sa *will*. "Idan likita ya zo zan gaya masa" ita ce *when the doctor comes, I will tell him*. Wasu sukan rubuta *when he will come* saboda gobe ake nufi, wasu kuma *when he came* saboda sun ji "ya zo". Duka biyun sun kauce.

Akwai kuma inda siffar shuɗaɗɗen lokaci take aikin da ba na lokaci ba. In za ki ba da rahoton maganar wani, Hausa takan bar ta yadda take: "ta ce tana jin jiri." Ingilishi yakan ja ta baya taki ɗaya ta bi *said*: *she said she was feeling dizzy*. In abin da aka faɗa yana nan daram har yanzu, ana iya barinsa a lokacin yanzu, babu laifi. Haka in ana maganar abin da ba haka yake ba, irin wanda muke buɗewa da "da": *if I had money* na nufin yanzu ba ni da shi, *if I had known* kuma ita ce "da na sani" da Hausawa suka ce ƙeya ce. Ladabi ma da wannan siffa ake yinsa. *I wanted to ask you something* ta fi *I want to ask* laushi, kamar yadda *could you* ta fi *can you*, ko da yake duk yanzu ake nufi.

Wani abu da ba a cika kawowa a darasin nahawu ba shi ne rawar da baki yake takawa. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, harshenmu bai saba da baƙaƙe biyu ko uku cunkushe a ƙarshen kalma ba. Sai *walked* ta fito *walk*, *asked* ta fito *ask*, *helped* ta fito *help*. Abin da baki ya saba yarwa kuwa, hannu ma yakan yar da shi. Ƙarshen nan na *-ed* furuci uku gare shi: "t" a *walked* da *stopped*, "d" a *cleaned* da *called*, sai "id" a bayan t ko d, kamar *admitted* da *needed*. Ki riƙa karanta rubutunki da ƙarfi kina fito da su, za ki kama da yawa daga waɗanda suka zube. Aikatan da ba sa bin ƙa'idar *-ed*, irin su *take, took, taken*, kimanin 200 ne, kuma su kam babu dabara sai hadda. Ki fara da waɗanda kike amfani da su kullum a wurin aiki.

Ba ki faɗi wace jarabawa za ki zana ba. In IELTS ce irin ta masu neman gurbin karatu, wato *Academic*, aikin rubutu na farko bayanin zane ne na alƙaluma, kalma 150 zuwa sama, kuma abin da za ki fara dubawa shi ne shekarun da ke jikin zanen. In daga 1990 zuwa 2010 ne, sun rufe, *rose* da *fell* za ki yi ta yi. In zanen ya taho har zuwa yau, *has risen* ya samu wuri. In OET ce, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, wasiƙa za a ce ki rubuta daga bayanan fayil ɗin mara lafiya, yawanci ta tura shi wurin wani ma'aikacin. Ga irin abin da ake nema, ki bi shi jimla jimla:

*The patient was admitted on 3 May. She had fallen at home two days earlier. She has had diabetes for ten years and takes insulin daily. Her condition has improved since admission and she is now walking with support. She will need her wound dressed when she returns home.*

Jimlar farko ta ambaci rana, ranar ta rufe, shi ya sa *was*. Ta biyu ta tsaya a ranar kwantarwa ta waiwaya baya, ga amsar "kafin me?" a fili, *had* ya samu hujja. Ciwon suga ya faro shekara goma baya kuma yana nan, sai *has had* da *for*. Allurar kullum sabo ce, *takes*. Sauƙin da ta samu ya faro daga ranar kwantarwa ya iske yau, *has improved since*. Tafiya da taimako hali ne na wannan ɗan tsakanin, *is walking*. A jimlar ƙarshe *will* ya zo a kan buƙatar da ke gaba, amma bayan *when* sai aka bar *returns* a siffar yanzu, ko da yake ba ta koma gidan ba tukuna.

Ki riƙa yin irin wannan da aikinki na kowace rana. In kin tashi daga aiki, ki zaɓi mara lafiya ɗaya, ba tare da sunansa ba, ki rubuta labarinsa cikin jimla biyar ko shida: yaushe ya zo, me ya faru kafin ya zo, me yake fama da shi tun da daɗewa, wane hali yake ciki yau, me za a yi masa gobe. Sannan ki ja layi a ƙarƙashin kowane aikatau ki tambaye shi abu biyu, daga ina nake hangensa, kuma ya kammala ne ko yana ci. In kin tara na mako guda ki turo mini, in duba miki inda *had* ya shiga ba da izini ba.